Babu Maganar Aiki

Litinin, da hantsi

A kwance nake rubuta wannan, a tsakar falo, littafin a kan ƙirjina, biro sai ɗaukewa yake saboda na kafa shi sama. Tunda ba abin da nake tsinanawa, gara in riƙa rubuta abin da na sha da abin da ya biyo baya, ko na gane maganin da ke ci.

Abin da ya fi ba ni haushi, ba buhun fulawa ne ya kayar da ni ba. Shekara da shekaru ina saɓa buhu a gidan burodi, ko gezau. Gwangwanin burodi ne, fanko, ya faɗo daga kan tebur, na sunkuya in ɗauka, sai na ji kamar an soka mini ƙarfe mai zafi a ƙugu. Na ƙame a sunkuye. Masu kwaɓi suka ɗauka wasa nake, har da mai tafi. Duk wanda ya zo dubiya, buhu nake ce masa.

Maigida, wato mai gidan burodin, ya ce in je in huta, tanda tana jirana har ƙarshen wata. Bai faɗi abin da zai faru bayan ƙarshen wata ba, ni ma ban tambaya ba. Kafin nan ya sa Sarkin Sauri ya riƙe mini. Daga wani gidan burodi da ya rufe ya zo mana, mu muka laƙaba masa sunan, don burodi bai gama yin ja ba yake fitar da shi.

Tsarin da na yanke: magani ɗaya a lokaci guda. Haka nake yi da kwaɓi. Idan burodi ya ƙi tashi, ba a canza yis da ruwa da wuta rana ɗaya, in ba haka ba har abada ba za ka san mai laifin ba. Wannan makon, ƙwayoyin kemis kaɗai.

Talata, bayan la'asar

Tsarin ya rushe tun bai je ko'ina ba. Barci ya kwashe ni ta gefe ɗaya, na farka ina warin man zafi. Maman 'Yan Biyu ce ta shafa mini ina barci.

"Na ce miki ƙwaya kaɗai wannan makon."

"To, ka ji sauƙi ko ba ka ji ba?"

"Na ɗan ji."

"Shi ke nan, sai ka ce an gode."

"Amma wanne ne ya yi? Ƙwayar ko man?"

"Baban 'Yan Biyu, jinya kake ko jarrabawa?"

Ba ta gane ba ne. Ko kuma ni ne na faye ƙa'ida, an sha gaya mini.

Don in riƙa gane bambanci, na raba ciwon kamar launin burodi: fari, ja, ƙonanne. Da safe ƙonanne. Yanzu ja.

Laraba, da safe

Ƙonanne. Atishawa na yi. Ban san atishawa ta ƙugu take bi ba.

Alhamis, da yamma

Yayan matata ya zo. Shi ke tuƙa motar rarraba burodinmu, kuma kowa Rediyo yake ce masa, don labari ba ya kwana a bakinsa, ba ya kuma fita yadda ya shiga. Ya kawo mini wata ɗamara mai faɗi, wai da maganaɗisu a ciki.

"Wani direban tirela ne ya ba ni. Da a kujera ake ɗaukarsa, yanzu ƙwallo yake bugawa."

"Sai mako mai zuwa zan gwada. Wannan makon na ƙwaya ne."

Ya dubi ƙanwarsa, ta ɗaga kafaɗa. Su biyu suka ɗaga ni kamar buhu suka ɗaure ni. Yanzu ƙwaya, da mai, da maganaɗisu. Wa zan tuhuma, wa zan gode wa?

Ya zo da burodi ɗaya daga gashin yau. Na juya shi, na ƙwanƙwasa gindinsa. Fari fat, kamar bai taɓa ganin wuta ba. Na ɓare shi, cikin yana manne wa yatsa.

"Mutane suna saye a haka?"

"Suna saye mana. Ba wanda ya yi ƙorafi."

Ba wanda ya yi ƙorafi. Na sake rubutawa ne don in ga ko zai rage zafi. Bai rage ba.

Asabar, da hantsi

Ƙwayoyin sun fara cin cikina, ƙwannafi tun jiya. Bayana ya ɗan yi fari, ciki ya karɓa. Canji kawai aka yi.

Inna ta zo ta tarar da ni a kan katifa, ta ce ita ce ta kashe ni, a mayar da ni kan siminti. Maƙwabcinmu mai gyaran fanka ya ce siminti sanyi gare shi, in riƙa rataya a jikin ƙofa da hannu biyu har ƙashin ya koma mazauninsa. Matarsa ta aiko a ce kada in kuskura in rataya, haka ƙaninta ya yi ƙofar ta faɗo masa. Kowa a layin nan likitan baya ne. Ban taɓa sanin muna da arzikin likitoci haka ba.

'Yan biyu suka dawo daga wasa suka tsaya a kaina, kowacce ta ɗaga hannu sama. Sun saba in ɗauke su tare, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Na ce musu sai an jima. Ƙaramar ta ce, "Jiya ma an jima ka ce." Uwarsu ta kira su kicin.

Ba zan yi dogon rubutu a kan wannan ba.

Lahadi, da yamma

Ja. Ja. Ƙonanne da na tashi alwala. Gobe asibiti, na gaji da gardama.

Litinin, bayan azahar

Akwai kalmar da nake gudu tun ranar farko, ko a nan ban rubuta ta ba. Wani abokin Baba an yi masa aiki a baya, tiyata, bai sake tsayawa da ƙafarsa ba. Da ita na kwana, da ita na hau benci a asibiti.

Likitan ya sa na ɗaga ƙafa, ya bubbuga gwiwata da 'yar guduma, ya jero tambayoyi a gaban matata. Ƙafa tana mutuwa? Fitsari yana kubce maka? Bayan gida fa? Zazzaɓi? Rama? Duk na ce a'a, ina kallon silin. Na tambaye shi hoto. Ya ce bai ga dalilin hoto ba yanzu. Na ji kamar an rage mini mudu.

Sannan ya ajiye biro ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka. Babu maganar aiki a nan. Wuƙa ba za ta taɓa ka ba. Irin wannan yawanci lafawa yake da kansa. Amma kwanciyar nan da kake yi, ka daina."

Na yi hamdala.

Muna fitowa baranda, Maman 'Yan Biyu ta kira yayanta. Yana kan hanya, ina jiyo hon ta wayar. Tana ɗaga murya: "Yaya, mun fito! Likita ya ce babu maganar aiki! Eh, kwata-kwata! Ka gaya wa mutane!" Har ƙwalla ta share. Ban san ita ma da kalmar take kwana ba.

An tura ni gashin ƙashi, jibi. Wannan ya yi mini daɗi. A ƙarshe dai ga abin da na fahimta. Wuta na sani.

Laraba, da hantsi

Na je gashin ƙashi. Ba a gasa komai ba.

Ɗakin yana da gadaje masu labule, da ƙatuwar ƙwallon roba, da keken da ba ya zuwa ko'ina. A lungu na hango fitilar gashi, doguwa mai jan ƙwai, an rufe ta da ƙyalle. Na ce a raina, ga ta nan. Na fara ɓalle maɓallin riga.

Likitar mace ce, sa'ata ko ta ɗan girme ni. Ta ce, "Malam, mai da rigarka. Yi tafiya zuwa ƙofa ka dawo in gani."

Na yi.

"Wa ya ɗora maka kwandon ƙwai a ka?"

"Ciwon ne."

"Rabi ciwo, rabi tsoro. Wannan abin da ka ɗaura fa?"

"Ɗamara ce. Da maganaɗisu."

"Ya janyo ciwon ya fitar?"

"A'a."

"To cire, ka bar tsokar bayanka ta yi abin da aka halicce ta domin shi."

Ta sa na kwanta na jawo gwiwa zuwa ƙirji. Ta sa na durƙusa da hannu da gwiwa ina banƙarewa kamar kyanwa ta tashi daga barci. Ni, da furfura a gemu. Da ta ce mun gama, na kasa haƙuri.

"Likita, gashin fa?"

"Wane gashi?"

"Ai shi aka rubuta a ƙofa."

"Suna ne ya bi mu. Zafi yana da daɗi, yana sassauta jiki na ɗan lokaci, amma ba ya gyara komai."

"Ni mai gashi ne, sana'ata ce. Na san abin da wuta ke yi."

"To kai ba burodi ba ne."

Na ce ta gaya mini tsakani da Allah, wane magani ne ke yi, in kama shi in bar sauran.

Ta ce, "Babu guda ɗaya da zai zare shi kamar ƙaya. Ƙwaya tana ɗan ragewa. Tausa tana ɗan ragewa. Motsa jiki yana ɗan ragewa, shi kuma amfaninsa ya fi daɗewa. Kwanciya ce kaɗai na tabbata ba ta taimakonka."

"Duk ɗan-ɗan ne?"

"Duk ɗan-ɗan ne. Sauran kuma lokaci."

Lokacin ne fa ba ni da shi. Wata ya wuce rabi.

Alhamis, bayan la'asar

Masu kwaɓi sun zo dubiya gaba ɗayansu, da Kawu, babbansu, a gaba. Na yi murna, amma zaman ya yi nauyi. Mutanen da ba sa minti ɗaya ba su tsokane ni ba, yau kowa kansa a ƙasa. Kawu sai cewa yake, "Haƙuri, haƙuri. Allah ba ya rufe ƙofa duka." Na ce ai sauƙi yana samuwa. Ya ce, "Haka ake son mumini," ya share ido.

Maigida ya aiko da katan na madara da sabulu. Sun kuma kawo mini rigar aikina a wanke a ninke, da kofina, da silifas ɗin da nake sawa a bakin tanda. Na ce me ya sa suka wahalar da kansu. Suka dubi juna.

Wataƙila fenti za a yi a ɗakin ajiya. Ko kuma ni ne ke neman ma'ana inda babu.

Juma'a, da safe

Na yi banƙarewar kyanwa a falo. 'Yan biyu suka durƙusa a gefena suna miyau-miyau. Inna ta shigo ta gan mu mu uku, ta juya ta fita.

Na yi tafiya har bakin titi na dawo. Da zan fita, ja. Da na dawo, ja. Ban san ko wannan ci gaba ba ne. Aƙalla bai ƙone ba.

Silifas ɗin nan suna bakin ƙofa suna kallona.

Lahadi, da yamma

Yau kam sai na rubuta.

Na tsawaita tafiya yau har tashar bas. Can na yi kiciɓis da Kawu. Ya ja da baya kamar ya ga fatalwa.

"La'ilaha illallahu! Kai ne a tsaye? Da ƙafarka?"

"Da ta wa zan zo, Kawu? So nake in koma tanda kafin ƙarshen wata."

"Wace tanda? Ba likita ya hana ka aiki ba?"

A nan ya warware mini. Ranar Litinin Rediyo ya shigo gidan burodi, ko mota bai kashe ba, ya ce yanzu aka bugo masa daga asibiti, likita ya ce ni da aiki har abada. Maigida har ƙwalla ya yi. Washegari ya kira Sarkin Sauri ya ce masa tanda ta zama tasa. Ashe madara da sabulun nan sallama ce. Ashe ta'aziyyata aka zo yi ranar Alhamis, ni kuma ina ta cewa a kawo musu ruwa.

Ban san yadda na dawo gida ba. Na dai lura, a hanyar dawowa, ban tuna da kwandon ƙwai ba ko sau ɗaya.

Maman 'Yan Biyu ta kira Rediyo ya zo. Ya shigo yana taunar asuwaki.

"Ni abin da aka gaya mini na faɗa. Babu maganar aiki. Ko ba haka kika ce ba?"

"Aikin wuƙa, Yaya! Tiyata!"

"To ai sai ki ce tiyata. Aiki nawa ne a duniya?"

Na ce, "Har abada fa, a ina ka samo shi?"

"Ta ce kwata-kwata. Kwata-kwata da har abada ai uwa ɗaya uba ɗaya suke."

"Ba ka ji tana murna ba?"

"Kuka na ji tana yi. Ga hon, ga 'yan babur. Kuma ni taimakonka na yi, da ban faɗa ba wa zai ba ka madara?"

Da ina iya ɗaga kujera, da yau an yi abin kunya a gidan nan. Ya ce zai je ya gyara maganar da kansa. Mu biyu muka ce masa a'a a tare.

Litinin, da safe

Ƙonanne. Ba na jin daga ƙashi ne. Maman 'Yan Biyu ba ta yi mini magana ba, ni ma ban yi mata ba, alhali ba wanda ya yi wa wani laifi.

Talata, bayan azahar

Na je wurin Maigida. Tun daga bakin layi ƙamshin ya tare ni, sai da na tsaya na dafa bango. Na shiga da ƙafata, a miƙe gwargwadon hali, na bi ta gaban tanda ban kalle ta ba.

Ya saurare ni har ƙarshe. Da na zo kan aiki da aiki, ya yi dariya har da tari, sannan dariyar ta tsaya.

"Wallahi na ji daɗi. Amma ka sa ni a tsaka mai wuya. Na riga na ba mutumin nan kalmata. Har ya je ya ɗauko iyalinsa daga wurin surukansa."

"Ni ma ka ba ni kalmarka. Har ƙarshen wata."

"Na ba ka." Ya shiga juya makulli a tebur. "Ka warke?"

Nan ne ya kamata in ce eh. Na ce, "Da sauƙi."

"Da sauƙi ba ta fitar da tire daga hawan ƙasa. Ga abin da za a yi. Ranar Asabar ka zo ka tsaya gashin safe, daga farko har ƙarshe, kai kaɗai. In ka iya, tanda taka ce, shi in san yadda zan yi da shi. In ba ka iya ba, kada ka riƙe ni a zuciya."

Na ce na yarda. Da zan fita muka haɗa ido da Sarkin Sauri. Ya ce, "Ya jiki?" Na ce, "Alhamdu lillahi." Yana zaune a kan bokiti, burodi yana ciki. Mai gashi ba ya zama burodi yana ciki.

Tandar hawa uku ce. Na sama daidai kafaɗa, na tsakiya daidai ciki, na ƙasa daidai gwiwa. Shekarun nan duka ban taɓa lura da inda na ƙasa yake ba.

Alhamis, da hantsi

Na gaya wa likitar gashin ƙashi komai. Sai da ta fita ta yi dariyarta a waje ta dawo. Na ce ta ba ni abin da zai kashe ciwon zuwa Asabar, allura ko ma mene ne.

"Da ina da shi, da layin ƙofar nan ya kai titi. Babu. Da shi za ka je."

"To in ya ƙaru fa? In na ɓalla wani abu?"

"Ciwo ba kullum yake nufin ɓarna ba. Zai yi maka ihu, amma ba karyewa kake ba. Nuna mini yadda kake fitar da tiren."

Ta ba ni farantin da suke ɗora kayan aiki, ta sa shi ƙarƙashin kujera. Na sunkuya yadda na saba. Ta ce in sake, wannan karon in buɗe ƙafa, in tsuguna, in jawo farantin jikina, in tashi da cinya. Muka yi ta yi har cinyoyina suka fara rawa. Ta ce in riƙa canza tsayuwa, in ɗan taka tsakanin zubi da zubi, buhu kuma in bar wa masu buhu tukuna.

Da zan tafi ta dube ni, ta yaye ƙyallen fitilar. "Zo dai ka kwanta, kada ka je kana cewa mun cuce ka."

Ta gasa ni. Wallahi da daɗi. Fari tas, karon farko tun da abin ya faru. Daɗin ya raka ni har bakin get ɗin asibiti, a nan muka yi sallama.

Juma'a, da yamma

Maman 'Yan Biyu ta zo da man zafi ta tsaya a kaina. Na juya mata baya ta shafa. Inna ta aiko da jiƙo, na sha. Na haɗiyi ƙwaya bayan na ci abinci. Na yi kyanwa. Na yi tafiya. Ɗamarar kaɗai na ƙi, ita ma don mai ita ne.

Duk tsarin da na faro da shi ya tafi. In gobe ta yi kyau, mutum biyar za su ce su ne, kuma ba ni da hujjar ƙaryata ko ɗaya.

In ba ta yi kyau ba fa? Na iya wani abu ban da wuta? Na zauna na yi tunani sosai. Ban samo ba.

Asabar, bayan la'asar

Zubin farko lafiya. Na tsuguna a gaban hawan ƙasa yadda aka koya mini, masu kwaɓi suka kwashe da dariya. Wani ya ce kaza za ta saka ƙwai. Kawu ya ce a kawo mini buta. Na ji daɗin tsokanar fiye da madararsu.

Zubi na biyu, ja, amma hannuna ya tuna komai. Hancina ma. Ban duba agogo ba, ƙamshin ne ke gaya mini. Sarkin Sauri yana jingine da bango, hannu a harɗe. Maigida yana ƙofar ofis yana yi kamar waya yake dubawa.

A zubi na ƙarshe ne. Na tsuguna, na jawo tire rabi, sai ƙugun ya kama. Ba ja ba, ba ƙonanne ba, wani launi ne da ban tanada ba. Na kasa tashi, na kasa sakin tiren. Wuta tana dukan fuskata, kuma ina jin ƙamshin sauran tirorin da ke ciki yana juyawa. Na san wannan ƙamshin. Kaɗan ya rage hawa guda ya tashi a banza.

Na san sharaɗin. Kai kaɗai, ya ce.

Na ce wa Sarkin Sauri, "Malam, don Allah, hawan ƙasa."

Bai tsaya tambaya ba. Ya fizgi tsumma ya karɓi tiren daga hannuna, ya sunkuya ya fara fitar da sauran. Ina durƙushe a gefensa, kusa sosai, shi ya sa na ji. Duk sunkuyawa sai ya ja iska ta tsakanin haƙora, siii, a hankali yadda ba mai ji. In zai miƙe sai ya dafa gwiwa da gwiwar hannu. Wannan sautin daga bakina na san shi.

Ba ko ɗaya da ya ƙone. Na samu na miƙe da kaina, da cinya, a hankali.

Maigida ya zo ya ɗauki burodi ɗaya, ya juya, ya ƙwanƙwasa, ya ɓare. Ya daɗe yana taunawa.

"Wannan shi ne burodina. Na yi kewarsa." Ya dube ni. "Amma ba kai kaɗai ka gama ba. Na gani."

"Haka ne."

Wani ya kashe injin kwaɓi.

"To ku biyu za ku tsaya. Kai ke faɗin lokaci, ba wanda zai buɗe ƙofar tanda sai ka ce. Hawan sama da na tsakiya naka. Shi da yake da lafiyayyen baya, ya riƙe na ƙasa."

Na dubi Sarkin Sauri. Yana kallon siminti. Kalma ɗaya ce a bakina, in na faɗe ta na san Maigida ba zai riƙe masu ciwon baya biyu a tanda ɗaya ba, kuma na san wanda zai zaɓa. Na ce, "To, mun gode."

A bakin famfo na sami Sarkin Sauri yana wanke fuska.

"Tun yaushe?"

Bai yi musu ba. "Tun kafin wancan gidan ya rufe. In na daɗe a tsaye sai ya sauko mini har cinya. Shi ya sa nake fitarwa da wuri, in samu in zauna."

"Me kake sha?"

"Me ban sha ba?"

Ya ce, "Kada Maigida ya ji."

Na ce, "Maigida da sauƙi. Direba dai."

Ya yi dariya, ya kama ƙugu, ya fasa.

Litinin, bayan azahar

Mun gama gashin safe. Na koya wa Sarkin Sauri tsuguno a bayan buhuna kafin mutane su iso. Ya ce shi ba zai yi wannan a gaban jama'a ba. Zubi na biyu na gan shi ya buɗe ƙafa. Yanzu masu kwaɓi kaji biyu gare su.

Sau uku ya kai hannu ƙofar tanda kafin lokaci, sau uku na buge hannun. Na ajiye masa bokitinsa kusa, na ce ya zauna ya bar burodin ya nuna, ni zan tsaya. Mutumin nan zai sa mini hawan jini kafin baya ya kashe ni.

Ciwon yana nan, ja. A falo ma ja yake, gara a nan.

Mun shirya tsakaninmu, hawan ƙasa kwana ɗaya-ɗaya za mu riƙa yi. Gobe ni ne a ƙasa.